Zan iya ɗaura wa motata rediyo da lasifika da kaina a Jidda?

Tambayar ta fito daga wani ƙanenmu mazaunin Jidda. Yana da Corolla ƙirar 2012. Rediyon da ta zo da shi ba ya haɗuwa da wayar hannu, lasifikan ƙofa kuma sun fara kakari. Yana so ya sa rediyo mai allo, ya canza lasifika, in kuɗi sun kai ya ƙara amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da wufa (babban lasifika mai fitar da kaurin sauti) a but. Ya zaga shagunan kayan ƙawata mota, kuɗin aikin da aka yanka masa ya yi masa yawa. Shi ne yake tambaya ko zai iya yi da hannunsa, kuma me zai kiyaye.

Ƙanena, za ka iya. Sai dai abin da ka lissafa aiki biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Canza rediyo da lasifikan ƙofa aikin haƙuri ne, duk mai natsuwa da ya iya riƙe sukundireba zai gama shi lafiya. Jawo wuta daga batir zuwa amfilifaya kuwa shi ne inda mota ke kamawa da wuta. Wayarin mota sana'ata ce a Sina'iyya, unguwar garejoji da masana'antu, kuma mafi yawan motocin da ake kawo mana da ɓarnar kayan sauti, na'urar da aka saya lafiyarta ƙalau. Waya ce aka yanke, ko haɗi aka yi na ganganci, ko fis aka ƙi sakawa.

Tun kafin ka sayi komai, motar taka ce? Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu a nan motar kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansu a ƙasar, suke tuƙawa, ko ta kamfani, ko wadda ake biya wata-wata ba a gama ba. In haka ne, nemi izini tukuna. Wanda motarsa sabuwa ce kuma ya sani cewa taɓa wayarinta na iya sa wakilin kamfani ya ƙi karɓar gyaran lantarki a ƙarƙashin garanti. Taka ta 2012 ta wuce wannan maganar, amma masu karantawa ba duka ba.

Doka ta farko da nake so ka riƙe ita ce kada ka yanke ko waya ɗaya ta motar. Akwai soket na haɗi da aka yi musamman don Toyota: gefe ɗaya yana shiga soket ɗin motar daidai, ɗaya gefen wayoyi ne a sake masu launi irin na sabon rediyo. Kana zaune a ɗaki cikin sanyi za ka haɗa wayoyin rediyon da na wannan soket, launi da launi, sannan ka fito ka cusa shi a mota. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma ranar da za ka sayar da motar sai ka zare, ka mayar da rediyon asali kamar ba a taɓa ba. Wanda ya yanke soket ɗin mota don ya tsira da 'yan riyal kaɗan, ya bar wa kansa da duk wanda zai gaji motar ciwon kai.

Haka ma ramin da rediyon zai zauna. Ma'aunin da duniya ta saba da shi ana ce masa DIN: ƙarami faɗinsa milimita 180 tsayinsa 50, mai hawa biyu kuma 180 da 100. Ramin Toyota da yawa ya fi haka faɗi, wajen milimita 200, saboda haka za ka buƙaci firam na roba ko 'yan kunnuwan da ke cike gefe. Ka faɗa wa mai shago sunan motar da shekararta. Ƙarafan da ke riƙe da tsohon rediyon ta gefe kada ka yar, su za ka kwance ka ɗaura wa sabon.

Launukan wayoyin rediyon kasuwa kusan iri ɗaya ne a Pioneer da Kenwood da JVC da Sony da Alpine. Rawaya ita ce wutar dindindin daga batir, da ita rediyo ke tuna tashoshi da agogo. Ja ita ce wutar da ke zuwa in an murɗa makulli. Baƙa ita ce at, wato wadda ke komawa jikin mota. Mai ruwan lemo ta hasken dare ce. Na lasifika kuwa bibbiyu suke: fari na gaban hagu, ruwan toka na gaban dama, kore na bayan hagu, shunayya (purple) na bayan dama, kuma a kowane launi wadda ke da baƙin zane ita ce ta ragi, wato negatif. In ka musanya ja da rawaya, rediyo zai riƙa manta komai duk sanda ka kashe mota. In ka haɗe su biyun a kan wutar dindindin, kamar yadda masu gaggawa ke yi, wata safiya za ka tarar da batir a kwance.

Shuɗiyar waya tana ruɗa mutane sosai, don biyu ce. Shuɗiya zalla ta eriya ce, a rediyo da yawa ba ta ba da wuta sai lokacin da kake sauraren tasha. Shuɗiya mai farin zane ita ce ke tada amfilifaya. Wanda ya ɗaura amfilifaya a kan ta eriya zai ga abin mamaki: tasha tana yi, da ya koma Bluetooth sai sauti ya ɗauke ɗif. Sannan in eriyar motarka a jikin gilashin baya take, tana da ɗan ƙaramin abin ƙara ƙarfi da ke son wuta. In ba ka ba shi ba, tashoshi za su riƙa zuwa da shuu, ka ɗauka rediyon ne mara kyau.

Wani gargaɗi: wayar ragi ta lasifika ba a haɗa ta da jikin mota, ba a kuma haɗa ta da ta wani lasifikan. Rediyon zamani ta wayoyin biyu yake tura sauti. Taɓa ɗaya da ƙarfen mota yana ƙone abin ƙara sautin da ke cikinsa nan take.

Yanzu maganar yadda ake haɗa waya da waya, kuma a nan zan daɗe, don a nan zafin ƙasar nan ke tona asirin aiki. Kowa ya san Jidda. A watan Yunin 2010 an auna zafin da ya kai digiri 52 a garin nan. Ko a ranar da ba ta kai haka ba, saman dashbod na motar da aka bari a rana yana wuce digiri 70. Wanda ya murɗe wayoyi biyu da hannu ya naɗe da salatif mai araha, aikinsa zai yi kyau a watan Janairu. Kafin bazara ta ƙare ɗankon salatif ɗin ya narke, ya zame, wayoyi tsirara suna gogar juna a bayan dashbod inda ido ba ya gani. Ga kuma laimar Bahar Maliya, iska mai gishiri da ke cin ƙarfe a hankali. Haɗin da ba a matse ba yana yin tsatsa, tsatsa tana hana wuta wucewa, inda wuta ke wahalar wucewa kuma nan ne ke ɗaukar zafi. Hanya biyu ce kawai na yarda da su. Ko ka like da dalma ka rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, ko ka sa 'yan bututun haɗi ka matse da filayar da aka yi don wannan aikin. Kowace ka zaɓa, in ka gama ka ja wayar da ɗan ƙarfi. In ta zare a hannunka, da ma za ta zare a kan hanyar Makka. Daga nan sai ka tattara su da salatif na yadi, irin wanda kamfanonin mota ke amfani da shi, don ba ya narkewa kuma yana hana ƙarar gogayya.

Kafin ka taɓa komai a cikin mota ka cire kan batir na ragi, ka jira aƙalla daƙiƙa 90 kamar yadda Toyota ke umarta, saboda jakar iska tana riƙe da sauran wuta na ɗan lokaci. Duk soket ko wayar da ka gani cikin rigar rawaya a ƙarƙashin dashbod ko kujera, ta jakar iska ce, ba ruwanka da ita. Kada ka soka mata fitilar gwaji. Ka sayi mitar auna wuta, ko mai araha ce, za ta yi maka amfani har ƙarshen aikin. Robobin dashbod na motar da ta shekara goma tana shan rana sun bushe, suna karyewa da wuri, don haka ka ɓamɓare su da abin ɓamɓara na roba, a inuwa, da sassafe ko bayan La'asar, kuma ka tanadi 'yan maɓallan ƙofa na roba don wasu sai sun karye.

A kan zaɓen rediyon kansa ra'ayina a fili yake. Manyan allunan Android marasa suna da suka cika kasuwa suna da kyan gani, wasunsu ma suna aiki, amma su ne suka fi jin jiki a zafi: su yi nauyi, su sandare, allo ya dushe. Abin da aka rubuta a kwalinsu na ƙwaƙwalwa ba kullum yake zama gaskiya ba. In dai shi kake so, nemi mai fanka a baya, ka buɗe shi a shago ka gwada. Ni dai na fi son rediyon kamfani sananne mai Apple CarPlay ko Android Auto, wanda wayarka ce ke ɗaukar nauyin taswira da kira, shi kuwa ya tsaya a kan sauti. Ka karɓi fatura, wato rasit. Kayan lantarki sababbi a ƙasar nan suna da garantin shekara biyu, kuma Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi ta lamba 1900, amma ba tare da fatura ba maganarka ba ta da ƙafa. Na hannu, irin wanda ake samu a Harajin Sawarik ko a manhajar Haraj, akan dace da mai kyau, sai dai a jona maka shi a batir ka ji da kunnenka kafin ka biya.

Akwai wani abu da mai oda daga waje ke mantawa. Rediyon da aka yi don kasuwar Amurka yana tsallen tashoshin FM ne a kan lambobi mara, 88.1, 88.3, 88.5, a zangon AM kuma yana tafiya da tazarar 10 kHz, alhali yankinmu 9 ne. Wasu tashoshin ba zai taɓa kama su daidai ba. Na cikin gidan Japan kuwa daga 76 yake farawa, kuma ba ya kaiwa ƙarshen zangonmu na 108. Mai son tashar Alƙur'ani a kan hanya ya tabbata rediyon na kasuwar Gabas ta Tsakiya ne, ko yana da wurin canza yanki.

Lambar da za ka gani a kwali, wat 50 sau 4, ƙololuwa ce ta ɗan lokaci. Ƙarfin gaske da ake kira RMS a irin waɗannan rediyo bai wuce wat 14 zuwa 22 ga kowane lasifika ba. Kada wannan ya sa ka raina shi, ya ishi lasifikan ƙofa masu kyau su cika ƙaramar mota.

Da ni ne kai, a lasifikan gaba zan zuba mafi yawan kuɗina. Ka tambayi kanka me kake saurara. Yawancinmu karatu ne, da tafsiri, da labaran gida, da waƙa jefi-jefi. Muryar ɗan Adam a tsakiyar zangon sauti take zaune, lasifikan ƙofa da tuwita, ɗan ƙaramin lasifika mai fitar da siririn sauti, su ne ke fitar da ita. Wufa aikinta daga wajen 80 Hz ne zuwa ƙasa, wato sauti mai kauri sosai, inda murya ba ta da abin kirki. Mutum zai kashe kuɗi a kan akwatin da ya cinye masa rabin but, muryar mai karatu kuwa tana nan a dushe kamar da. In za ka saya, duba lambar da ke nuna saurin amsawar lasifika, wadda ake rubutawa da dB. Bambancin dB 3 daidai yake da ninka ƙarfin wuta sau biyu, don haka mai 91 zai fi mai 88 tashi a kan rediyo ɗaya. Ka tsaya a kan mai om 4, om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta.

Ƙofar gaban Corolla irin taka tana ɗaukar lasifika mai inci 6.5, kuma na asalin ba da sukuru aka ɗaure shi ba, da ribit ne, sai ka huda kawunansu da na'urar huji, gilashi yana sama. Sabon yana buƙatar zoben da zai zauna a kai. Sayi na roba. Na katakon garin itace yana shan ruwa ya kumbura, don cikin ƙofa wuri ne da ruwa ke bi duk sanda aka wanke mota. Kafin ka ɗaure, sauke gilashi har ƙasa ka ga bai taɓa maganaɗisun ba. Ledar da ke manne a bayan murfin ƙofa ka ɗaga ta a hankali ka mayar, ita ke tare ruwa da ƙura. Ramukan da ke ƙasan ƙofa kuma na zubar ruwa ne, kada ka toshe su.

Lasifikan da bai zauna daram ba, iska tana zagayawa ta gefensa, kamar kalangun da fatarsa ta saki yake: ana duka, amo ba ya fita. Ka sa siririn soso tsakaninsa da zobe, ka matse sukurori daidai wa daida. In za ka manna abin hana rawar ƙarfe a jikin ƙofa, ka tabbata na robar butil ne. Akwai mai araha da aka yi da kwalta. A ƙasa mai sanyi yana iya wucewa, a nan kuwa narkewa yake, ya zubo cikin ƙofa, motar ta yi ta warin titi.

Ka kula da wace waya ce ta ƙari wace ce ta ragi. In lasifika ɗaya yana turawa gaba ɗaya yana ja baya, kaurin sauti sai ya ɓace. In ka rikice, ɗauki ƙaramin batir na bolt 1.5 ka taɓa wayoyin lasifikan na ƙiftawar ido: in fatarsa ta turo waje, wayar da ke kan ƙarin batir ita ce ta ƙari. Ban da tuwita, ba a yi mata wannan gwajin, kuma ba a jona ta kai tsaye sai ta bi ta ɗan akwatin rarraba sauti da ya zo da ita.

In ka tsaya a nan, ka riga ka samu mafi yawan abin da kake nema. Shawarata ka yi wata guda kana ji kafin ka yanke hukunci a kan amfilifaya.

In kuma ka ce sai ka sa, to mu yi lissafi tukuna. Amfilifaya mai wat 500 na gaske, irin Class D da ke amfani da kusan kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja, yana buƙatar wajen wat 625. Raba da bolt 13.8 na mota mai tafiya, ka samu amfiya 45. In Class AB ne, wanda ke zubar da kusan rabin wutarsa a zafi, zai wuce amfiya 60. Altanetar ƙaramar mota irin taka tsakanin amfiya 80 da 100 take bayarwa, kuma a Jidda na'urar sanyaya mota da fankokinta ba sa hutawa. Waƙa ba ta jan ƙololuwar wuta kowane lokaci, shi ya sa wat 300 zuwa 500 ke zama lafiya. Abin da ya haura haka sai fitilu su fara lumshewa da kowane bugu. Gwangwanin ajiyar wuta da ake tallatawa ba ya ƙirƙirar wuta, abin da altaneta ta bayar shi yake riƙewa na ɗan lokaci. Ka auna batir ɗinka: a kashe wajen bolt 12.6, mota na aiki tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai ba, fara gyara wannan. Batir da ma ba ya tsawon rai a zafin nan.

Da wannan lissafin za ka gane ƙaryar kwali. Amfilifayar da aka rubuta wa wat 3000 amma fis ɗin jikinta guda ɗaya ne na amfiya 30, ninka 30 da 13.8, bai kai wat 420 ba tun kafin a cire asarar zafi.

Waya kuma ita ce inda ake cutar mutane. Akwai ta jan ƙarfe zalla, akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wadda ake rubuta wa CCA. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, kuma a iskar bakin teku yana zama gari a wurin haɗi. Kankare bakin wayar da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka ajiye ta. Ka duba kaurin ƙarfen, don wasu robar ce mai kauri, cikin kuwa siriri. Daga batir zuwa but tafiyar kusan mita 5 ce. Ga wat 500 ka sa waya lamba 4, mai kaurin kusan murabba'in milimita 21. Lamba 8, mai kaurin kusan murabba'in milimita 8, ta ƙaramin amfilifaya ce, kuma fis ɗinta kada ya wuce amfiya 50.

Fis ɗin nan shi ne ran aikin gaba ɗaya. Wurinsa kusa da batir, cikin santimita 45, in ya fi haka kusa ma ya fi. Mutane suna cewa ai amfilifaya tana da fis a jikinta. Wancan na'urar yake karewa. Na kusa da batir wayar yake karewa, da motar, da waɗanda ke cikinta. Ka yi tunanin waya mai kauri da ta taso daga batir ba fis, ta ratsa ƙarƙashin kafet inda yaranka ke sa ƙafa. Ranar da ƙarfe ya yanke rigarta, batir zai tura ɗaruruwan amfiya cikinta, ta yi ja, kafet ya kama, kuma kashe mota ba ya tsayar da ita don ba ta bi ta makulli ba. Allah ya kiyaye. Saboda haka wurin da za ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, ta bi ta cikin robar da kamfani ya riga ya sa, ko ka sa mata sabuwar roba. Ta yi nesa da salansa da duk abin da ke motsi, da fedar birki da sandar sitiyari. Fis ɗin kuma shi ne abu na ƙarshe da za ka saka, bayan an gama komai.

Wayar at kaurinta ɗaya da ta wuta, gajera, kada ta wuce rabin mita. Ka kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure da noti, ka shafa ɗan giris a sama saboda tsatsa. Kada ka yi amfani da notin bel ɗin kujera. Kukan nan mai tashi da sauka tare da totur, yawancinsa daga at mara kyau yake, ko da yake yana da kyau wayoyin sauti su bi gefe ɗaya na mota, ta wuta ta bi ɗaya gefen. Kafin ka huda ko'ina a bayan mota, leƙa ƙasa: tankin mai yana ƙarƙashin kujerar baya, bututun mai da na birki kuma suna bin ƙasan mota.

Wurin zaman amfilifaya yana son iska, kada ka lulluɓe ta da kafet. Kada kuma ka sa ta a ramin tayar safaya ko a daɓen mota. Wanda ya ga ruwan Nuwambar 2009, ko na Nuwambar 2022, ya san yadda titunan Jidda ke cika cikin sa'o'i kaɗan. Bayan kujerar baya, a ɗan sama, ya fi. Akwatin wufa a ɗaure shi da kyau, don a birkin gaggawa nauyinsa gaba zai yi.

Maɓallin da aka rubuta wa GAIN ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da ƙarfin da rediyo ke aiko mata ne. Murɗe shi har ƙarshe yana gurɓata sauti, kuma gurɓataccen sauti ne ke gasa lasifika. Da mita za ka saita shi. A ce amfilifaya tana ba da wat 300 a kan om 4: ninka su, 1200, sai ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da haka, wato kusan 34.6. Cire wayar wufa, kashe duk wani ƙarin kaurin sauti, kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, kunna sautin gwaji na 50 Hz, sa mita a kan AC ka ɗora ta a inda ka cire wayar wufa, ka riƙa murɗa GAIN a hankali har ta nuna bolt 34. Nan za ka tsaya. Sannan ka tace: wufa ta ɗauki 80 Hz zuwa ƙasa, lasifikan ƙofa su ɗauki abin da ke sama. Wufa biyu masu om 4 in an haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ƙari da ƙari, ragi da ragi, sun koma om 2, ka tabbata amfilifayar ta yarda da haka.

In ka karanta wannan ɓangaren ka ji zuciyarka ba ta kwanta ba, babu abin kunya. Yi rediyo da lasifika da kanka, ka kai wa mai wayarin mota ya ja maka wayar batir kana tsaye kana kallo. Kuɗin wannan kaɗai ba zai kai abin da aka yanka maka ba. Masu mota mai haɗin batir da fetur kuwa, irin Camry da ake tasi da ita, su nisanci duk waya mai ruwan lemo mai kauri, wutar cikinta tana kisa. Su da masu sababbin motocin da rediyonsu ke haɗe da kwamfutar mota, ko masu amfilifayar JBL ta kamfani, aikinsu yana son na'urar haɗi ta musamman. Ko kyamarar baya ta asali a Toyota da yawa bolt 6 take ci, in aka ba ta 12 ta ƙone.

Rediyo mai allo yana zuwa da wayar da ake haɗawa da birkin hannu don bidiyo ya ƙi yi in mota na tafiya. Za a ce maka ka haɗa ta da jikin mota a wuce wurin. Ina roƙonka kada ka yi. Kan titin Haramain kallo ɗaya ya isa. Ka kuma tuna cewa tun 2019 akwai dokar kiyaye ɗa'a a bainar jama'a a ƙasar nan, wadda ta sa tara a kan ƙure kiɗa a unguwannin zama da kunna shi lokacin kiran salla da salla. Mu baƙi ne ko 'ya'yan baƙi a idon mutane da yawa, abin da ɗayanmu ya yi a unguwa da sunan dukanmu ake faɗa. Kunnenka ma amana ne: ƙarar da ta kai dB 85 awa takwas ce iyakarta a yini, kuma duk ƙarin dB 3 yana raba wannan lokacin biyu. Direban da ke yini a mota ya fi kowa shiga wannan lissafin.

Kada ka rufe dashbod sai ka gwada komai yana a buɗe. Mayar da kan batir, murɗa makulli, ka kai sauti gaban hagu, gaban dama, baya, ka ji kowanne yana fita daga inda ya dace. Kashe mota ka sake tayarwa ka ga ko ya riƙe tashoshi. Kunna fitila, sa ribas, gwada kira, tada inji ka saurari kuka, ɗaga gilasai ka sauke. Daga ƙarshe ka auna abin da motar ke sha tana a kashe: zare makulli, rufe ƙofofi, cire kan batir na ragi, sa mita a tsakaninsa da batir a kan ma'aunin amfiya 10, ka ba ta kamar minti 20 kwamfutocinta su yi barci. Kada ka murɗa makulli mita tana haɗe, fis ɗinta zai ƙone. Abin da ya kamata ka gani bai wuce amfiya 0.05 ba. In ya haura sosai, zare fis ɗin amfilifaya ka duba, sannan na rediyo. Wanda lambar ta faɗi da zare shi, a layinsa matsalar take, kuma galibi za ka tarar jar waya ce ko shuɗiya mai farin zane aka ɗaura a kan wutar dindindin.